WA YA CE DAJI BA YA SON ƘARFE?

Akwai wata magana da ta daɗe tana hallaka mutane a ƙasar Daura, ba ta ɗauke da bindiga, ba ta ɗauke da wuƙa, ba a kuma taɓa gurfanar da ita gaban alƙali ba. Maganar kuwa ita ce wadda akan jefa wa marar lafiya da zarar an ga ƙari ya fito masa, ko kuwa gyambo ya ƙi jin magani: “Ai wannan daji ne, ba ciwon asibiti ba ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe.” Tun daga Babban Mutum can bakin iyakarmu da Nijar, ka biyo ta Baure da Zango har ka shigo birnin Daura, ka wuce Sandamu ko Mai'aduwa, da wuya ka sami unguwar da ba a taɓa faɗin wannan magana a kan wani bawan Allah ba. Masu faɗinta kuwa ba maƙiya ba ne. Gwaggo ce, kawu ne, maƙwabciya ce mai nufin alheri. Amma kyakkyawan nufi bai taɓa mai da ƙarya ta zama gaskiya ba.

Nufina a wannan maƙala shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai, da yayyenmu da suka fara aikin gwamnati, cewa yawancin mutanenmu da wannan ciwo yake ɗauka, jinkiri ne yake miƙa masa su. Jinkirin nan kuwa ba daga sama yake faɗowa ba, akwai masu ƙera shi, kuma idan aka zo lissafa su, to, mu da muka yi ilmin zamani muka ja bakinmu muka yi shiru muna cikin sahun gaba.

Kada wani ya zaci abin ƙarami ne. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum wajen 127,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. Wato ke nan sama da mutum 200 a kowace rana ta Allah. Sankarar nono ita ce kan gaba, da mata fiye da 32,000, sankarar bakin mahaifa kuma ta kama fiye da 13,000. Da a ce hatsarin mota ne yake cinye mutum 200 kullum a hanyar Daura zuwa Katsina, da tuni an rufe hanyar. Amma da yake a cikin ɗaki ake mutuwar, bayan labule, sai mu ce Allah ya jiƙan rai, mu karkaɗe riga mu tashi.

Mu fara da sunan. A wurin kakanninmu, “daji” suna ne da akan ba kowane irin kumburi ko miki da ya gagari magani, wanda ake jin daga iskoki ya zo, ko kuwa jifa ne aka yi wa mutum. To, da aka ɗauki wannan suna aka liƙa wa ciwon da likitoci suke kira kansa, sai ciwon ya gaji sunan, ya kuma gaji dukkan camfin da yake tattare da shi. Don haka ni na fi son mu riƙa ce masa sankara, domin babu ruwansa da daji, babu ruwansa da mazauna daji. A cikin jikin mutum yake tsira.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Jikin ɗan'adam an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace tana rayuwa, ta hayayyafa, ta tsufa ta mutu, wata ta maye gurbinta, duk bisa ƙa'ida. Sankara ita ce a sami wasu daga cikin ƙwayoyin nan su kangare, su dinga hayayyafa ba tsayawa, har su taru su zama ƙari. Da farko a wuri ɗaya suke, kamar gobarar da ta fara daga murhu. Idan aka ƙyale su, sai su ci naman da yake kewaye da su, daga nan su bi jini da hanyoyin kaluluwa su yi ƙaura zuwa hanta, ko huhu, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. Likitoci sun kasa wannan tafiya mataki huɗu. A mataki na 1 da na 2, sau da yawa akan cire ƙarin, a bi shi da magani, mutum ya warke ya ci gaba da harkarsa. A mataki na 4 kuwa, galibi abin da ya rage shi ne a sassauta wa marar lafiya azaba, a ja masa kwana gwargwadon abin da Allah ya nufa. Babban makircin ciwon shi ne, a farkonsa yawanci ba ya zafi. Mu kuwa mun saba ba mu kiran abu ciwo sai ya kwantar da mu.

Yanzu sai mu dubi hujjar masu cewa ba ya son ƙarfe. Za su ce maka, “Ai mun gani da idonmu. Wance an kai ta Kano, aka yanka ta, ko wata uku ba ta yi ba. Wane an kai shi Zariya, gawarsa aka dawo da ita.” Gaskiya ne an yi haka. Amma ka tambaye su, yaushe wance ta fara jin ƙullutun a nononta? Za ka tarar shekara biyu ke nan ko uku. A cikin shekarun nan an sha saiwa, an yi turare, an shafa toka da man shanu, an je wurin mai magani a Magarya, an dawo an je wani a Babura. Sai da nono ya fashe, wari ya hana kowa shiga ɗakin, sannan aka ɗauki shatar mota. Ashe ke nan ba ƙarfe ya watsa ciwon ba, tun kafin likita ya ɗaga hannu ciwon ya riga ya gama gari. Mun kai ta a makare, ta rasu, muka ɗora wa asibiti laifi. Gobe wata ta ji ƙullutu, aka tuna mata da wance, ita ma ta ɓoye har ta makara. Da haka maganar take ciyar da kanta, kowace gawa tana zame mata sabuwar shaida.

Wani abin mamaki kuma, mutumin da ya hana a kai marar lafiya asibiti don gudun ƙarfe, shi ne zai kira wanzami ya yi wa ƙarin sakiya, ya tsaga ya kafa ƙaho. Shin askar wanzami da itace aka yi ta? In kuwa ƙarfe ne abin gudu, me ya sa matan wasu ƙasashe suke tsira da shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka gano suna da sankarar nono, fiye da 90 suna nan da ransu bayan shekara biyar. A Indiya 66 ne, a Afirka ta Kudu 40. Wuƙar da ake yi wa matar Ingila aiki da ita, irinta ce a Katsina. Babban abin da ya raba su shi ne ranar da aka zo, da kuma abin da aka tarar a asibitin.

To, waɗanne alamu ne ya kamata mutum ya lura da su? A nan ne za ka ga irin dabarar da muka yi wa kanmu, domin kowace alama mun riga mun raɗa mata wani suna mai kwantar da hankali.

Ƙullutu a nono ko a hammata, mai tauri, ko da ba ya zafi, mukan ce ruwan nono ne ya daskare. Haka nan idan kan nonon ya shige ciki, ko fatarsa ta yi kauri ta yi 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, ko jini ya riƙa fita daga kansa. Mai shayarwa kan sami kumburi, wannan sananne ne, amma kumburin da ya ƙi tafiya bayan an sha magani ba na shayarwa ba ne har sai likita ya ce shi ne. Kada maza su ɗauka sun kuɓuta, su ma yakan same su, ko da yake ba kasafai ba.

Jinin da yake zuwa wa mace bayan saduwa da mijinta, ko tsakanin haila da haila, ko bayan ta manyanta haila ta ɗauke, da kuma ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, duk mun tattara su mun ce “sanyi”. Da sunan sanyin nan ake dafa wa iyayenmu mata saiwoyi shekara da shekaru, alhali kuwa waɗannan suna cikin manyan alamun sankarar bakin mahaifa. Abin takaicin shi ne, ita wannan sankara tana cikin masu saurin hanuwa. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take haddasa kusan dukkanta, kuma yawanci takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara. A cikin wannan dogon lokaci ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya gano tabon da ido, ta hanyar shafa wa bakin mahaifa wani ruwa mai tsami, a kuma kashe tabon nan take. Shekara ashirin ciwo yana sallama a ƙofar gida, ba wanda ya amsa!

Jini a bayan gida kuwa sunansa basir, ba a ma tsayawa tambaya. Duk ranar kasuwa za ka ji mai lasifika a kan mota yana tallan maganin basir iri goma sha, mai tsiro da marar tsiro. Hakika akwai basir, kuma shi ne ya fi yawa. Amma idan jinin ya zo tare da sauyin bayan gida, yau zawo gobe taurin ciki, mako da makonni, ga rama, ga kasala, to, hanji ne yake neman a duba shi.

Jini a fitsari mun ce tsargiya, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukarsa tamkar alamar yaro ya fara zama namiji. Tsargiya kuwa tsutsa ce da ake ɗauka wajen wanka a kududdufi da tafki, tana da magani mai sauƙi, amma idan ta shekara da shekaru a jiki tana iya jawo sankarar mafitsara. Dattijon da fitsari yake yi masa wuyar fita, yana tashi sau biyar cikin dare, ga ciwon ƙugu, sai mu ce tsufa ne. Sau da yawa kumburin wani ƙululu ne da yake ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci suke kira furostet, ba kuwa kowane kumburinsa ne sankara ba. Amma ita ce sankarar da ta fi kama maza a ƙasar nan, kuma ba a rarrabe wannan da wancan a zaure.

Idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya riƙa ciwo, mutum yana ramewa, sai a ce shawara, a jiƙa masa magani. A nan ya kamata mu 'ya'yan manoma mu buɗe kunne. Manyan abubuwa biyu da suke kai hanta ga sankara a ƙasashenmu su ne ciwon hanta nau'in B, da wata guba da fumfuna take zubawa a gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi. An gano gubar nan ne bayan da dubban talotalo suka mutu a Ingila a shekarar 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna. To, mu fa? Mai kyan mukan kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar mu bar wa gida a yi ƙuli-ƙuli da miya. Shi kuwa ciwon hanta yana da allurar rigakafi, tana cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Babba kuma yana iya zuwa a gwada jininsa ya san matsayinsa.

Sauran alamun su ne gyambo ko tsohon tabon ƙuna da ya ƙi warkewa, bakinsa ya yi tudu yana zubar da jini, miki a baki ko a harshe da ya wuce mako uku, dushewar murya, wuyar haɗiyar abinci, kaluluwa mai tauri a wuya da ta ƙi sauka, tarin da ya zarce mako uku, balle da jini, musamman ga mai shan sigari, da ramar da ba a san dalilinta ba. 'Yan'uwanmu zabiya kuwa, rana ce babbar abokiyar gabarsu, duk wani ƙurji da ya fito musu a fuska ko wuya ko kunne ya ƙi tafiya, a hanzarta nuna shi.

Yara ma ba su tsira ba. Akwai wata sankara da take kumbura wa yaro muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, haƙora su yi ta girgiɗi, mu kuwa mu ce ciwon haƙori ne ko hangum. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayyana ta a Yuganda a 1958, ta kuma fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Saurin girmanta abin tsoro ne, amma tana cikin masu saurin jin magani idan an zo da wuri. Haka kuma idan uwa ta ga ƙwayar idon jaririnta tana wani farin ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, kada ta tsaya ɗiga masa nono ko tozali, ta nufi asibitin ido. A ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba.

Kada mai karatu ya gama wannan ya shafa wuyansa ya ji kaluluwa ya ce tasa ta ƙare. Mafi yawan ƙullutun nono ba sankara ba ne. Mafi yawan jinin bayan gida basir ne. Doguwar tari a ƙasarmu ta fi zama tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ba a tabbatar da sankara sai an ɗebi ɗan nama daga ƙarin an duba shi da madubin likita. Ƙa'idar dai guda ce: duk abin da ya sauya a jikinka, ya ƙi komawa yadda yake har mako biyu zuwa uku, ka kai shi a duba. In ba kome ba ne, ka sayi kwanciyar hankali da araha. In kuwa shi ne, ka riga shi.

Na san abin da za a ce da ni. Za a ce kunya. Yaya matar aure za ta buɗe ƙirjinta ga wani ƙato? Kunya ado ce, ba mai musun wannan. Amma Bahaushe da kansa ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar da aka hana ta nuna wa ma'aikaciyar jinya guda ɗaya ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ita ce za a kwantar a gaban likitoci biyar da ɗalibansu ranar da abin ya fashe. Wace kunyar aka tsare? Kuma sau nawa kunyar tata ce? Sau da yawa tsoro ne. Tana tsoron a cire nonon miji ya juya mata baya, kishiya ta sami abin gori. Maigidan da sai da izininsa za a fita, ya kuwa hana izinin, ko ya ce a bari sai bayan girbi, ya sani amana ce a hannunsa, kuma za a tambaye shi. In muna ƙyamar namiji ya duba matanmu, maganin abin shi ne mu bar ƙannenmu mata su yi karatun likita da jinya, ba mu cire su daga aji uku mu aurar ba.

Za a ce ƙaddara, kowa da ranarsa. Haka ne, babu mai wuce ranarsa. Amma wane manomi ne a Babban Mutum yake ganin wuta-wuta ta fito masa a gonar gero ya naɗe hannu ya ce ƙaddara? Wane ne akuyarsa za ta ƙi cin abinci ya kwana uku bai nemi malamin dabbobi ba? Malamanmu sun sha karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Lalaci da tsoro ne muke yi wa rawani mu kira su ƙaddara.

Za a ce talauci da nisa, wannan kuwa ita ce hujja mai nauyi, ba zan raina ta ba. Mutumin Babban Mutum da aka ce ya tafi Katsina, sai ya ratso Baure da Zango ya iso Daura, sannan ya ƙara wajen kilomita 80. In Kano ce, ya bi ta Babura. Ga kuɗin mota, ga na gwaji, ga na masauki, ga mai jinya da zai bar gonarsa. Maganin sankara yana da tsada ƙwarai, wanda ya ce ba haka ba bai taɓa jinya ba. Amma mu yi lissafin gaskiya. Gidan da ya ce ba shi da kuɗin gwaji, a cikin shekara biyu za ka tarar ya sai da tumaki ya kai wa boka, ya sai da buhun wake ya sayi jarkar tsimi, ya yi ta zarya kemis ana ba shi maganin kashe zafi. Daga ƙarshe kuma sai an jinginar da gona an tafi asibitin da aka guda, a lokacin da kuɗin ya ninka, fatan warkewa kuwa ya ragu. Talaka ne ma ya fi kowa bukatar zuwa da wuri, domin shi ba shi da halin biyan kuɗin makara.

Ba kuwa jama'a kaɗai ke da laifi ba. Akwai matar da ta yi ta maza ta je ƙaramin asibiti tun abin yana ƙarami, ma'aikaci ko taɓa wurin bai yi ba, ya rubuta mata kafso ya ce maruru ne. Ta koma sau uku, sau uku ana ba ta kafso. Akwai mai kemis da ya mai da kansa likita, ya fi son ciwon ya daɗe don ciniki ya daɗe. Akwai gidajen rediyon da suke sai da fili ga duk wanda ya zo da kuɗi ya ce yana warkar da daji cikin kwana bakwai. Waɗannan duka maƙeran jinkiri ne, kuma yawancinsu sun zauna a aji kamar yadda muke zaune.

Gwamnati ta ɗan motsa, sai mu faɗa. A 2017 aka yi dokar kafa cibiyar binciken sankara da maganinta ta ƙasa. A 2021 aka buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta furostet, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da yake Shika yana cikin waɗanda aka fara da su. A watan Oktoba na 2023 aka shigar da allurar rigakafin HPV kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ta kuma iso Jihar Katsina a 2024. A 2025 aka buɗe cibiyar maganin sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da yake Katsina. Madalla. Amma injin gashi, kome tsadarsa, ba ya zuwa ƙauye ya shafa ƙirjin kowa. Idan ba a gyara ƙananan asibitocin Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa ba, aka horar da ma'aikatansu duba nono da bakin mahaifa, aka tanadi takardar turawa da motar kai marar lafiya, to, an gina rijiya ne ba a sayi guga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni a 2021, cewa a gama bincike a gaya wa mace abin da yake damunta cikin kwana 60 daga ranar da ta fara zuwa asibiti. Ku yayyenmu da kuke ofisoshin ƙananan hukumomi da ma'aikatar lafiya, wa ya taɓa ƙirga kwanakin matar Babban Mutum?

Game da allurar 'yan matan nan, tuni masu raɗe-raɗi suka ce dabara ce ta hana haihuwa. Mun taɓa jin irin wannan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano bisa wannan zargi, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe, yara da yawa suka nakasa, ba a kuwa tabbatar da Afirka ta rabu da ita ba sai a 2020. Waɗanda aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci ga su nan suna ta haihuwa. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Saura mu. Ɗalibi yakan koma gida hutu da babban littafi a hammata, ya zauna a majalisa ya warware siyasar Amurka da Rasha, ya lissafa 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, alhali a cikin gidansu innarsa tana ɗaure ƙirji da tsumma, bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Ƙaramin ma'aikaci yakan aika da kuɗin magani ƙarshen wata ya ga ya sauke nauyi, bai tambayi wane magani ba, wa kuma ya rubuta shi. Muna tsoron a ce boko ya ɓata mu, mun raina manya. To, ilmin da ba zai iya tsayawa a tsakar gidanku ya ce, “Inna, don Allah ki shirya gobe mu je a duba,” ba, me sunansa? Ladabi bai hana faɗin gaskiya ba, yadda za a faɗe ta kawai ya koyar.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗaliban ƙasar Daura da suke jami'o'inmu, wannan hutu kada ya ƙare a wasan ƙwallo da liyafar karrama masu kuɗi. 'Yan'uwa mata su zauna da iyaye da yayye a cikin gida, su nuna musu yadda mace take shafa nononta da hammatarta sau ɗaya a wata bayan ta yi wankan haila, su kuma tambaye su batun jinin da ba na al'ada ba. Maza su sami dattawa a zaure su yi musu zancen fitsari da bayan gida, cikin mutunci. A je wa limamai da masu unguwanni da dagatai, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi takarda dubu. A je wa wanzamai da ungozoma, ba da faɗa ba, a roƙe su duk ƙarin da suka gani mai tauri kada su tsaga, su tura asibiti. A duba katin rigakafin ƙannenmu. A duba rumbu, a zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna. Wanda kuma aka tura Katsina ko Kano ko Zariya, a sami ɗalibi ya raka shi, ya karanta masa takarda, ya tsaya masa a layi, ya tabbatar ya koma ranar da aka ce ya koma, domin da yawa sukan fara magani su tsere a tsakiya da zarar gashin kai ya fara zuba, alhali gashi yana dawowa.

Duk ranar da ka ji an ce daji ba ya son ƙarfe, kada ka yi murmushi ka wuce. Ka tsaya ka tambayi mai maganar, cikin ladabi, mutum nawa ya sani da suka warke a ɗaka. Sannan ka nemi mota. Ba a fafe gora ranar tafiya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.